Yadda Ake Koya wa Ɗalibai Nazarin Waƙa, Daga Kunne Zuwa Allo

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji a nan Tawa ya ce wa ɗalibai su fito da kaye, wato littafin rubutu, domin za a yi darasin waƙa, ya san irin shirun da ke biyo baya. Yaran nan da suka yi tsit su ne waɗanda za ka ji da marece suna rera waƙar kokawa tun daga gindinta har ɗanta na ƙarshe, ƴan matan kuma kansu cike yake da waƙoƙin gaɗa da na biki waɗanda ba wanda ya taɓa rubuta musu a allo. Abin da ke kashe musu jiki shi ne yadda muka saba buɗe darasin: mu rubuta ma'anar waƙa, mu jera sunayen adon harshe, mu ce a haddace, sannan a ƙarshen mako mu kawo baiti guda mu ce a nemo siffantawa a ciki kamar mai tsince tsakuwa daga gero. Na bi wannan hanya shekaru da dama, na kuma ga iyakarta, domin ɗalibi yakan ci jarrabawa da ita amma ya bar makaranta ba tare da wani baiti ya taɓa ratsa shi a cikin aji ba. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne tsarin da nake bi yanzu da ɗaliban koleji da na lise, kuma ginshiƙinsa guda ne, wato a fara da kunne, suna ya biyo daga baya.

Nauyin wannan aiki ya ƙaru a wuyanmu. Tun a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 kundin da ake tafiyar da ƙasar Nijar da shi ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen da aka ɗora wa wannan girma ba zai tsaya a kan nahawu da ƙa'idojin rubutu kaɗai ba, dole ne yaran da ke tasowa su san abin da magabata suka ƙera da shi, kuma mafi yawan abin da suka ƙera ɗin waƙa ce.

A zama na farko kada a buɗe kaye, kada a taɓa alli. Malami ya zo da waƙa guda a cikin wayarsa, da ƴar lasifikar da ya cika da caji tun dare saboda ba a dogara da wuta, ya kunna ta aji ya saurara har ƙarshe ba tare da ya ce uffan ba. Waƙar da za a fara da ita ta kasance gajera, kuma wadda kunnen yaran ya riga ya saba da irinta, kamar ta noma, ko ta kokawa, ko ta wa'azi irin wadda makafi ke rerawa a bakin kasuwa ranar Lahadi. Bayan saurare na biyu sai a yi tambayoyin da ba su bukatar ilimin littafi: wa ke magana, da wa yake yi, me yake nema a wurinsa, a ina muryarsa ta ɗaga, wace kalma ce ta maƙale muku a kai. Tambayar ƙarshen nan ta fi sauran amfani, domin inda kalma ta maƙale wa yaro, kusan kullum a nan ne mawaƙin ya yi wata dabara. Malami ya rubuta amsoshin a takardarsa tare da sunan wanda ya faɗa, zai dawo gare su bayan mako biyu ko uku sa'ad da za a raɗa wa dabarun suna.

A zama na biyu a kawo rubutacciyar waƙa a rera ta da baki ba kiɗa, sai a bar ɗalibai su faɗi bambancin da suka ji. Da kansu za su gano cewa waƙar baka tana tafiya da kiɗa da ƴan amshi, tana da gindi da ake komawa gare shi bayan kowane ɗa, kuma ɗiyanta ba su daidaita a tsawo, domin makaɗi yakan ƙara ko ya rage gwargwadon wanda ke zaune a gabansa. Rubutacciya kuwa an auna ta tun a takarda, layukanta sun yi kai ɗaya, kuma akwai sautin da ke dawowa a ƙarshensu. Sai a nan ne za a ba su kalmomin farko, kaɗan kawai: kowane layi ɗango ne, tarin ɗango baiti ne, sautin da ke dawowa amsa-amo ne. Baiti mai ɗango ɗaya gwauruwa ake ce wa waƙarsa, mai biyu ƙwar biyu, haka har zuwa ƙwar biyar, inda ɗango huɗu na farko ke da nasu ƙaramin amsa-amo da ke sauyawa daga baiti zuwa baiti, na biyar kuma ya riƙe babban amsa-amon da ya ɗaure waƙar gaba ɗaya. Tahamisi ba ya wahalar bayani, wato wani ya ɗauki baitin ƙwar biyu na magabacinsa ya gina ɗango uku a gabansa, kuma duk yaron da ya taɓa zama wurin karatun Ishiriniya a watan Mauludi ya riga ya ji irin wannan gini da kunnensa ko da bai san sunansa ba.

Awo shi ne inda malamai da yawa ke gudu, alhali shi ne ɓangaren da ya fi faranta wa yara rai idan an bi da shi ta hannu. Na ga ya fi sauƙi a fara da baitocin da malami ya tsara da kansa a kan abin da yaran ke gani a gidajensu, kafin a shiga manyan waƙoƙi masu tsofaffin kalmomi. A ƙasar Adar da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗan ci-rani a Abijan ko Legas ko Libiya, don haka na tsara waɗannan baitoci biyu nake shiga aji da su:

Uwa na jiran ɗanta bakin gida,
Kiran nasa bai zo ba ko sau guda.

Fari ya ci gonarsu tamkar kada,
Ta'ala ka maido shi in yai wada.

A rubuta su a allo da manyan haruffa, malami ya rera sau biyu aji na amsawa, sannan a sa su buga tebur da tafin hannu, bugu mai sauƙi ga gaɓa marar nauyi, bugu mai ƙarfi ga mai nauyi. Gaɓa marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "gi" a cikin gida. Mai nauyi kuwa ita ce wadda ta ƙare da dogon wasali, ko tagwan wasali, ko baƙi, kamar "ba" da "kin" a cikin bakin, ko "bai" da "sau" a ɗango na biyu. Idan an yanka ɗangon farko zai fito haka: u-wa-na, ji-ran-ɗan, ta-ba-kin, gi-da, wato marar nauyi ɗaya da masu nauyi biyu har sau uku, sannan ƙafa ta huɗu ta zo a gutsure. Ba a ɗaukar minti goma kafin aji duka ya kama bugun. Daga nan malami ya goge ɗangon farko ya rubuta "Uwa tana jiran ɗanta a bakin gida" a madadinsa. Ma'ana ba ta sauya ba, nahawun ma ya fi cika, amma hannun yara zai yi tuntuɓe a kan tebur, kuma su da bakinsu za su ce ya karye. A wannan lokaci ne suke fahimtar abin da ya sa mawaƙi ke zubar da ƙaramar kalma, ko ya dunƙule "ya yi" ta koma "yai", ko ya ɗauko tsohuwar kalma irin "wada" ya bar "wadata". Bayan hannu ya iya, sai a gaya musu cewa sunan wannan kari mutaƙarab, ɗaya daga cikin karuruwa goma sha shida na arulin Larabci wanda Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya aza harsashinsa a ƙarni na 8, kuma malaman ƙasar Hausa sun ara shi tare da kamil da ramal da sauransu saboda Hausa da Larabci duka suna bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Yana da kyau a tsaya a nan a kwatanta musu da abin da suka koya a darasin Faransanci, inda ake ƙirga gaɓoɓi goma sha biyu a ɗango ba tare da la'akari da nauyinsu ba. Ɗalibin da ya ɗauko wannan ƙirge ya ɗora wa waƙar Hausa zai yi ta samun lissafin da bai dace da abin da kunnensa ke ji ba.

Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa ba na yarda a yi nazarin baitin da ba a rera ba. Kalmar "fari" da ke cikin ɗango na uku, a takarda daidai take da farin launi, daidai take da farin da ke nufin farko, baki ne kaɗai ke raba su.

Ɗaliban Tawa suna da wata gata a nan wadda ya kamata malami ya nuna musu. Adaranci ɗan'uwan Gobiranci da Sakkwatanci ne na kusa, kuma da wannan Hausa ta yamma aka tsara mafi yawan waƙoƙin ƙarni na 19 da waƙoƙin manyan makaɗan fada. Inda ɗalibin Kano zai tsaya neman fassarar "awa" ko "wanga" ko "shina" ko "yat tahi", namu yaran da su suka tashi a bakin iyayensu. Kuskuren da na sha gani shi ne malami ya gyara irin waɗannan kalmomi zuwa daidaitacciyar Hausa sa'ad da yake kwafar waƙa a allo, yana ganin ya yi tsafta. Wannan gyara ɓarna ce, domin "yat" gaɓa ce mai nauyi, "ya" kuwa marar nauyi, wanda ya musanya su ya karya awon da mai waƙa ya sha wahalar daidaitawa. A bar waƙa da karin harshen da aka haife ta da shi, daidaitacciyar Hausa ta zauna a cikin sharhin da ɗalibi zai rubuta.

Adon harshe shi ne wurin da ya cancanci a daɗe, kuma ba na shigarsa sai mako na uku. Hanya mafi kusa a wurinmu ita ce kirari. A garin nan ne aka fara gasar kokawa ta ƙasa a 1975, kuma har yau da wuya ka sami yaron da bai iya kirarin wani ɗan kokawa ba. A tayar da mutum biyu ko uku su yi kirarin da suka sani da murya sosai, a rubuta a allo abubuwan da ɗan kokawar ya kira kansa da su, za a ga giwa da zaki da dutse da guguwa sun jeru. Sai a tambayi aji ko mutumin nan yana da haure da hanci mai tsawo. Za su yi dariya su ce nauyinsa da rashin tsoronsa ake nufi. To sun riga sun bayyana siffantawa, abin da ya rage ga malami shi ne ya faɗi sunan, ya kuma nuna cewa da an ce yana da ƙarfi kamar giwa, da an koma kamantawa, saboda kalmar "kamar" ko "tamkar" ko "awa" ta shiga tsakani ta bar tazara. Kamantawar ma iri-iri ce, akwai ta daidaito, akwai ta fifiko inda ake cewa wane ya fi kaza, akwai ta kasawa inda ake cewa kaza bai kai wane ba. Daga kirari ɗin dai za a ciro kambamawa, domin wanda ya ce shi kaɗai ya isa gayya kowa ya san ya zuzuta. Mutuntarwa da dabbantarwa kuwa suna cikin maganar yau da kullum, ga yunwa da ake cewa ta kama mutum, ga duniya da ake kira budurwar wawa. A nan ne malami zai zaro takardarsa ta zaman farko ya ce wance, kalmar da kika ce ta maƙale miki ranar nan, ga sunan abin da mawaƙin ya yi. Yaron da ya ji cewa shi ya fara gano abu kafin a ba shi sunansa ba ya mantawa da sunan.

Sai dai sanin suna ba shi ne nazari ba, kuma wannan ne nake so ƴan'uwana malamai su riƙe da kyau. Duk adon da aka gano, a bi shi da tambaya uku: me aka haɗa da me, wace siffa ce ta haɗa su, me zai ɓace daga baitin idan an cire adon an faɗi maganar a miƙe. Wata shekara muna kan ɗangon da ke cewa fari ya ci gonarsu tamkar kada, sai wata yarinya da ke zama can baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, ai kada cikin ruwa shike, hwari ko rashin ruwa na, ina sunka gamu?" Na ce mata, "Madalla ɗiyata, riƙe tambayarki," na juya ga aji. Wani yaro ɗan wajen Keita ya ce shi yana ganin sun gamu, domin kada ba a jin zuwansa, kuma in ya kama ba ya saki, haka fari yake yi wa manomi, yana kallon hadari yana sa rai har hatsi ya bushe a tsaye. Wata kuma ta ce amsa-amo ne ya ja kada cikin baitin, da ba don "da" ba da wata dabba za a kawo. Aji ya rabu biyu, muka cinye sauran lokacin a kan wannan ɗango guda, ban kuma yanke musu hukunci ba, saboda kowane ɓangare ya kafa hujjarsa daga cikin baitin. A ganina wannan sa'a guda ta fi wata guda na haddar ma'anoni, domin a ranar ne suka gane cewa ana iya tuhumar kamantawa, a auna ta, a ce ta zauna ko ba ta zauna ba.

Jigo ba ya bukatar dogon lokaci idan an yi abin da ya gabata. A nemi ɗalibi ya faɗi saƙon waƙar a jimla guda, ya nuna baitin da mawaƙin ya furta jigon da bakinsa idan akwai, sannan ya bi waƙar baiti-baiti ya nuna yadda aka warware shi. Abin lura kawai shi ne kada a karɓi amsa ta kalma ɗaya irin "wa'azi" ko "yabo", sai an faɗi wa'azi a kan me, yabon wa, da wace hujja.

Game da su kansu mawaƙan, na daina ba da tarihin rayuwa a matsayin abin haddacewa. Abin da nake yi shi ne in zana taswira a allo, in sa Tawa a sama, in ja layin iyaka, sannan mu riƙa ɗora kowane mawaƙi a garinsa da zamaninsa. Ɗigo na farko yakan ba yara mamaki, domin yana cikin jiharmu: a Marata, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Shi da ƙanensa Abdullahi da ƴaƴansa sun riƙi waƙa a matsayin hanyar kai karatu ga wanda bai iya Larabci ba, kuma da yawa daga waƙoƙin da Shehu ya tsara da Fulatanci ƴaƴansa ne suka mayar da su Hausa. Ƴarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin ƴan taru, inda take naɗa wa jaji, wato shugabar ayarin mata, malfa ta tura ta ƙauyuka da waƙoƙi a ka domin ta koyar da mata. Ina dagewa a kan wannan darasi saboda ƴan matan aji, waɗanda da yawansu suka taso da zaton rubutacciyar waƙa aikin maza ne. Daga nan taswirar ta gangara Zariya wurin Aliyu Namangi, makahon malamin da ya tsara Imfiraji ya kuma rasu a 1990, wanda baitocinsa suka iso kasuwanninmu a bakin almajirai tun kafin yawancinmu mu ga littafin. Sai Bauci wurin Sa'adu Zungur, wanda ya yi wa Arewacin Najeriya waƙa a kan zaɓi tsakanin jamhuriya da mulukiya. Ya rasu a 1958, shekarar da aka ayyana Jamhuriyar Nijar ranar 18 ga Disamba, kuma idan malami ya haɗa waɗannan biyu a allo, ɗalibai sukan gane nan take cewa tambayar da ke cin mawaƙin ita ce ke cin kakanninsu a wannan gefen iyaka.

A ɓangaren waƙar baka tambayar da ta fi buɗe ƙofa ita ce wa ke ciyar da makaɗin. Narambaɗa makaɗin kotso ne na Sarkin Gobir na Isa, don haka yabon ubangida da zambon abokan hamayyarsa su ne sana'arsa. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangu ya yi wa jama'a iri-iri waƙa, sarki da direba da ɗan kasuwa. Namu Ɗan Gurmu, wanda gasar kiɗa ta ƙasa ke ɗauke da sunansa, shi ma a sa shi a taswirar a nemi yara su tambayo manyansu abin da suka riƙe daga bakinsa. Wanda ya san inda abincin makaɗi ke fitowa zai fahimci abin da ya sa ya kambama wani, ya yi wa wani habaici ba tare da kama suna ba, ya kuma fito fili ya yi wa na uku zambo.

Rubutacciyar waƙa takan ɗauki shaidar mai ita a jikinta, kuma koya wa yara karanta wannan shaida yana sa su ji kamar masu bin sawu. Mabuɗi yakan zo da sunan Allah da salati, marufi kuma yakan zo da addu'a, sau da yawa da sunan mawallafi da garinsa da adadin baitoci, wani lokaci da ramzi, wato kalmar da haruffanta ke ba da shekarar da aka gama waƙar. A lissafin haruffan Larabci irin na Magariba da malamanmu ke bi, shinun dubu ne, ra ɗari biyu, fa tamanin, don haka kalmar da aka gina da waɗannan uku tana ba da 1280 ta Hijira, wadda ta faɗo tsakanin 1863 da 1864. Yaran da suka yi makarantar allo su ne ke yin fice a wannan aiki, kuma sau da yawa su ne waɗanda darasin Faransanci ya saba bari a baya.

Bayan mako na biyar sai a tura su gida da aiki. A raba aji rukuni-rukuni na mutum biyar ko shida, kowane rukuni ya nemo waƙa guda daga bakin mai rai: kaka mai waƙar daka ko ta reno, tsohon manomi mai waƙar gayya, makaɗin unguwa, ko malamin zaure da ke ajiye da takardun ajami a cikin gafaka. A koya musu ladabin zuwa tun a aji, su yi sallama, su durƙusa su gaida baba ko inna yadda ya kamata, su faɗi abin da ya kawo su, kada su kunna waya su ɗauki murya sai an ba su izini, kuma idan malam ya ce ba a fita da takardarsa, su kwafa a gabansa su gode. Su tambayo daga wa aka koyi waƙar, a wane gari, a wane irin lokaci ake yin ta, sannan su rubuta ta yadda aka faɗe ta. Malaman da ke Yamai suna da ƙarin dama, domin cibiyar bincike ta IRSH da ke ƙarƙashin Jami'ar Abdou Moumouni tana ajiye da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami, cibiyar CELHTO mai nazarin harsuna da tarihin baka kuma tun 1968 take tattara adabin baka, kai ɗalibai su ga tsohuwar takarda da idonsu yana da tasirin da hoto ba ya yi.

Wajibi ne malami ya yi hattara da abu biyu. Na farko, wasu iyaye suna ɗaukar kiɗa da roƙo sana'ar gado ce ta wasu gidaje, ba su son a kusanto da ƴaƴansu gare ta. Wani dattijo ya taɓa zuwa har ƙofar aji ya ce mini, "Malam, karatu na kawo shi ko roƙo?" Na roƙe shi ya shigo ya zauna, ranar kuwa waƙar wa'azi muke yi, kafin a tashi shi ne ya gyara mana karatun wata kalma saboda ya haddace waƙar tun yana yaro. Tun daga lokacin nake sa waƙoƙin wa'azi da na ilimi a farkon shekara, na fada da na maza su biyo baya. Na biyu, idan an zo darasin zambo da habaici a kafa doka tun kafin a fara cewa ba a gwada su a kan ɗan aji, ko wata ƙabila, ko wata sana'a. Azuzuwanmu akwai Abzinawa da Fulani da Larabawa da Zabarmawa, kuma ya fi kyau a gayyace su su kawo waƙa daga harshen gidansu su fassara wa aji, a nemi kamantawa da siffantawa a cikinta kamar yadda aka nema a ta Hausa.

Aiki na ƙarshe shi ne kowane ɗalibi ya tsara baiti biyu ko uku da kansa, a karin da aka buga a tebur, a kan abin da ya gani da idonsa, ko rijiyar unguwa, ko lodin albasa a Galmi, ko ranar da wansa ya hau mota zuwa ci-rani. Sharaɗin shi ne ya sa ado guda ɗaya da zai iya karewa idan an tuhume shi. Ya rera a gaban aji, aji ya buga awon, inda ya karye a taimaka masa ya nemo kalmar da za ta zauna. Wajen ba da maki bisa ashirin, nakan ware huɗu kawai ga ambaton sunayen adon harshe, shida ga bayanin aikin da adon ya yi a cikin baitin, biyar ga rerawa da awo, biyar ga aikin da aka yo daga gida, kuma ina sanar da su wannan rabo tun ranar farko domin su san inda za su sa ƙarfinsu.

Waƙoƙin da rukunoni suka tattaro da baitocin da suka tsara, a sa masu kyawun rubutu su kwafe su cikin babban kaye guda mai bango mai ƙarfi, kowace waƙa da sunan garin da aka samo ta da ranar da aka ɗauke ta, a ajiye a ofishin darakta domin ajin baɗi ya fara daga nan. Kowane rukuni kuma ya koma wurin wanda ya ba shi waƙa da kwafi guda a hannu, ya karanta masa abin da aka rubuta, idan akwai kalmar da aka ji ba daidai ba ya gyara musu kafin a rufe kayen.